Kayan da Auta Ya Zaɓa Min

Sama da shekara ashirin ina jan tirela, ban taɓa barin makanike ya shige bayan gareji da kayana ba. In na sayi sabon abu, famfon mai ne ko takalmin birki, a gaban mai kaya nake yage kwalin, in juya abin in duba, sannan in ciro makulli in karce masa alama a gefe, layi biyu a tsaye, ɗaya ya ratsa su. Daga nan in tsaya a kan makanike har ya ɗaura. An ce min mai taurin kai, an ce ba na yarda da kowa. Su yi ta faɗa. Ni dai ba a taɓa ɗaura min tsoho a ce sabo ne ba.

Sai ƙafata ta dama ta lalace. Wata tanka ce ta shigo hannuna a kan kwana. Ƙafar tana nan, ba a yanke ba, amma ba ta iya taka birki, likita kuma ya ce tuƙi ya ƙare. Na dawo gida na zauna a kujerar falo ina kallon bango. Matata ta kawo abinci, ta dawo ta ɗauke shi yadda ta ajiye. In babbar mota ta sauke giya a titin bayan gidanmu, sai in ƙara ƙarar rediyo don kar in ji.

Ina da ƙane ɗaya, Auta. Ni na riƙe shi tun rasuwar babanmu. Ni karatu bai zauna min ba, amma shi na tsaya a kansa har ya gama, sannan na kai shi koyon gyaran kwamfuta. Yanzu yana da shagonsa a saman bene a kasuwar kayan waya, mutane suna ce masa Injiniya. Ni har gobe Auta nake ce masa.

Wata rana da yamma ya shigo da kwamfutar wani kwastomansa, irin ta ninkewa, ya ɗora min a cinya.

"Yaya, ga mota na kawo maka."

"Ɗauke min wannan faranti."

"Duba dai."

Na duba. Sai ga ni a cikin kan tirela. Ga sitiyari, ga madubi hagu da dama, ga titi a miƙe har da layin tsakiya. Auta ya danna wani abu, injin ya tashi da gurnaninsa. Ya ce zai nuna min yadda ake shiga da baya wurin lodi, ya fara juyawa.

"Kai! Wa ya koya maka? Haka za ka kwashe ƙofar mutane. In kana son bodi ya yi hagu, dama ake murzawa, sakarai."

"To karɓi mana, direba."

Na karɓa. Da yatsa biyu, ina zagin madannan, na shigar da ita tsaf a karo na uku. Ban san ina dariya ba sai da na ga matata a ƙofar kicin da ludayi a hannu tana kallona. Ranar na cinye abincina.

Da zai tafi ya ninke abinsa. Na ce a ina ake sayar da irinta. Ya ce irin wannan tsada gare ta, amma akwai hanya.

"Haɗa ta ake yi, Yaya, kamar yadda ake haɗa mota. Ka sayi kaya ɗaya-ɗaya, ni in ɗaura maka. Talabijin ɗin nan naka ya isa ka riƙa kallo. Akwai sitiyarin roba na hannu, birki da totur duk a jikinsa suke, ba ruwanka da ƙafa."

Ya zauna a hannun kujera ya yi min bayani da yarena. Madabod shi ne shasi, a kansa komai ke zama. Firosesa shi ne inji. Akwai ram, wasu 'yan sanduna biyu, ya ce su ne faɗin bodi, iya su iya kayan da za ta ɗauka a lokaci ɗaya. Akwai katin hoto, shi ke zana titi da ruwan sama da motocin da ke wucewa. Sai akwatin da za a zuba su, da abin ba da wuta.

"Abin da ya fi komai, kaya su dace da juna. Ba a ɗaura giyar ƙaramar mota a injin tirela. Mutane da yawa a nan suke ƙonewa. Amma kai kana da ni."

Kuɗin da 'yan ƙungiyarmu ta direbobi suka haɗa min bayan haɗari ba shi da yawa. Matata ta ce a ajiye. Na ce an ajiye ni ma ya isa, ba za a ajiye mu biyu ba. Ta ƙyale ni, don ta ga yadda na ci abinci.

Sau biyu muka je kasuwa, duk a shagon wata Hajiya mai tabarau da ke ƙasan benen su Auta. Zuwan farko muka ɗauki madabod, firosesa, akwati da abin wuta. Duk masu araha ya zaɓa. Akwatin ɗan ƙarami ne, baƙi, kamar na batir.

"Nan za mu matse, Yaya. Shasi ƙarfe ne kawai, ba ya gudu."

Zuwa na biyu ya ce yau ba ranar rowa ba ce. Ya sa aka sauko da ram masu farar riga ta ƙarfe, da wani kati mai fanka uku, dogo, mai nauyi kamar kafireto. Fiye da rabin abin da nake da shi a kan waɗannan biyun ya tafi. Hajiya ta kalli ram ɗin, ta kalli Auta, ta jawo shi gefe suka yi magana ƙasa-ƙasa. Na ɗauka ragi yake nema min. Ni kuwa na yage kwali, na ciro makulli.

"Baba! Me kake yi?" in ji Hajiya. "Abin da aka karce ba ya dawowa fa."

"Ban saya don in dawo da shi ba."

Auta ya yi dariya. "Ƙyale shi, Hajiya. Tun ina yaro haka yake. Har kekena sai da ya karce."

Na sa alamata a bayan katin, na sa a rigar kowace sanda.

Ranar haɗi matata ta share teburin cin abinci ta shimfiɗa tsohon zani. Auta ya jera kaya, ya fito da sukundirebobinsa. Firosesa ya zauna lafiya. Madabod ya shiga akwati. Da aka zo kan ram, ya ɗora sanda a raminta, ya danna, ta ƙi. Ya juya ta, ta ƙi. Ya ɗaga ta sama ya nuna min wata 'yar tsaga a ƙasanta, ya nuna min wani ɗan haƙori a cikin ramin. Ba su yi daidai ba, da ɗan kaɗan.

"A goge shi da zarto mana," na ce.

"Yaya, ba ƙarfen mota ba ne. Wannan sabon zubi ne, madabod ɗin tsohon zubi yake ci."

Ya ɗauki katin. Shi kuwa ya kusa shiga sai ya tokare da ƙarfen gaban akwati, saura kamar faɗin yatsa biyu. Auta ya ajiye, ya dafe kai da hannu biyu.

"Innalillahi. An yi kuskure."

"Wa ya yi?"

"Masu yin kayan nan kullum cikin sauya zubi suke, kwalin duk iri ɗaya. Kuma ko da ya shiga, abin wutar nan ba zai ja shi ba."

"To a mayar."

Ya juya katin, ya sa ɗan yatsa a kan alamata.

Matata ce ta faɗa. "Kai da makullin nan naka! Sai da matar nan ta gaya maka."

Na zauna ina kallon kayan, kunya ta rufe ni a gaban ƙanena. Shi ne ma ya riƙa lallashina. Ya ce kar in damu, ya san wani ɗan kasuwa a can wata unguwa da ke karɓar irin waɗannan, zai roƙe shi ya musanya mana da waɗanda suka dace, ko da na hannu ne. Ya naɗe su a zanin ya sa a jaka. Ina kallo ya fita da su. Har na ce masa Allah ya yi albarka.

Bayan kwana kaɗan ya dawo da wasu sanduna kore tsirara, babu riga, da wani ɗan kati mai fanka ɗaya, da ƙura a haƙarƙarinsa. Ya ce da ƙyar mutumin ya yarda. Ya ɗaura, ta tashi.

Ta tashi, amma ba motar da ya ɗora min a cinya ba ce. In ina kan titi ni kaɗai, tana tafiya. Da na shigo gari, ko aka fara ruwa, sai ta riƙa tsalle kamar mota mai datti a tanki. Ka murza sitiyari yanzu, ta amsa anjima. Auta ya rage mata wasu abubuwa, sai madubi ya koma dishi-dishi, ba ka gane motar da ke bayanka sai ta dake ka. Direba ba madubi! Na kira shi, ya ce zafi ne ya yi mata yawa, zai kawo ƙarin fanka. Na sake kira, ya ce aiki ya yi masa yawa. Daga baya wayar ma sai ta yi ta ƙara.

Ran nan na ɗauki sandata na hau tasi ni kaɗai. Na ce fanka dai ba ta fi ƙarfina ba.

Hajiya mai tabarau ta gane ni tun daga nesa. "Baba mai makulli! Yaya mota?"

"Tana tari. Fanka nake so."

"Da wannan katin? Ai ko birni guda ka zuba masa zai ja."

Na ce ai katin bai shiga ba, ram ma bai shiga ba, an musanya. Ta sauke tabaranta ƙasa ta dube ni ta samansa.

"Wai a madabod ɗin da kuka saya a nan kuka so sa su?"

"To a wanne?"

"Baba, ai ranar na jawo Injiniya gefe na gaya masa. Na ce wannan ram ba zai hau wancan madabod ba, katin kuma ya fi akwatin tsawo, ko makaho ya shafa ya sani. Ya ce min in bar shi, ba na wannan injin ba ne, na wani ne daban." Ta gyara tabaranta, sannan ta ce, "Ni na ɗauka biyu kuke haɗawa."

Na ce mata na gode. Ta ce fankar fa? Na ce ta bar ta.

Benen nan tun haɗarina ban hau shi ba. Na hau, sanda a gaba, ƙafar kirki, sannan in jawo ɗayar. A tsakiya na tsaya na huta, ina ce wa kaina wataƙila matar ta ruɗe, kwastomominta da yawa. Wallahi har na kai ƙofar shagon ina nema masa hanya.

Yana zaune ya ba ƙofa baya, da abin ji a kunne, yana harbin wasu mutane a wani babban allo. Kusa da ƙafarsa akwai wani dogon akwati mai gefen gilashi, wuta shuɗiya da ja tana zagaye a ciki. Na daɗe da sanin akwatin, amma ban taɓa leƙa cikinsa ba. Na dafa tebur na sunkuya. Fanka uku suna juyi. Fararen sanduna biyu a tsaye a gefensu. A bayan katin, daidai inda hasken ke bugawa, layi biyu a tsaye, ɗaya ya ratsa su.

Na sa sanda na taɓa kafaɗarsa. Ya juyo, ya cire abin kunnen.

"Yaya! Kai da wa? Ya aka yi ka hau..."

"Wannan ne ɗan kasuwar na wata unguwa?"

Ya kalli akwatin, ya kalle ni. "Bari in yi maka bayani. Mutumin ne ya ƙi karɓa, sai na ga maimakon a yi asara..."

"Daga wurin Hajiya nake."

Mutanen cikin allon suka harbe nasa, ya faɗi, bai ko waiwaya ba.

"Ka san zan karce su," na ce.

Ya kawar da kai.

"Kana tsaye kana dariya. Ka san in na karce ba mai karɓa. Ka bari matata ta yi min faɗa a gabanka, ka bari na sunkuyar da kai, har na sa maka albarka."

"Yaya, don Allah zauna, ƙafarka."

"Ƙyale ƙafata. Ranar da ka kawo min wasan nan gida, ka riga ka shirya?"

"A'a! Wallahi a'a. Ranar don kai na kawo. Daga baya ne, da muka fara lissafin kaya..." Ya goge fuska da tafin hannu. Sai kuma muryarsa ta canza, ta koma irin wadda yake yi wa kwastoma. "Yaya, mu faɗi gaskiya. Me za ka yi da kati irin wannan? Wasan tirela ne fa. Tafiya ce kawai a titi. Ni da shi nake aiki, ina haɗa bidiyon mutane, ina gwada kaya. A wurinka ɓata shi za a yi. Na ce in na samu sarari zan sayo maka wani matsakaici, ba za ka ma gane bambanci ba."

Da ya tsaya a kan wallahi, wataƙila da na zauna. Amma ya ce ba zan gane ba. Ni da na gane tun ranar farko cewa madubina ya mutu, na yi ta kiransa yana ce min zafi ne.

"Da ka roƙe ni fa?"

"Da ba ka ba ni ba."

"Me ka taɓa roƙo na hana ka?"

Ya kalli ƙasa. Na nuna akwatin da sandata.

"Kashe ta. Ciro min kayana."

"Yaya, ba za su shiga taka ba."

"Na sani. Kai ka zaɓe su."

Ya kashe. Ya kwantar da akwatin a tebur, ya kwance gilashin. Na matso na tsaya a kansa. Da ya juya jikinsa ya kare min, na ce ya matsa in ga hannunsa. Ya ɗago ya dube ni, don ya san su wa nake yi wa haka. Noti ɗaya ya kuɓuce masa ya faɗi ƙasa. Ya ciro katin, ya ciro sandunan, ya nemi leda zai sa. Na ce ya ba ni a hannu. Na duba kowanne, sannan na zuba a aljihun riga, katin kuma na rungume shi. Ya ce zai riƙe ni mu sauka. Na ce na hau ni kaɗai.

A gida na jera su a tebur kusa da ɗan baƙin akwatin. Na ciro koren sandunansa da ƙaramin katinsa da kaina, na karya wani ɗan maƙale wurin cirewa, ban damu ba. Na ba ɗan maƙwabta ya kai masa shago. Matata ta tsaya tana kallo. Na gaya mata komai a taƙaice. Ta zauna a bakin kujera.

"Ka yafe min maganar makulli," ta ce. Can kuma ta ce, "To yanzu me ka samu? Da aƙalla tana tashi."

"Ba ta tashi yanzu."

"Ɗan'uwanka ne fa. Shi kaɗai gare ka."

"Shi ma ni kaɗai gare shi. Bai hana shi ba."

Washegari na koma wurin Hajiya da katin da sandunan da akwatin gaba ɗaya. Na ce ta gaya min gaskiya ko da ɗaci. Ta ce akwati ba matsala, mai walda zai iya yanke ƙarfen gaban. Abin wuta sai an sauya. Madabod ma sai an sauya, kuma ta duba firosesan ta ce Allah ya taimake ni, akwai madabod mai cin sabon ram da zai karɓe shi. Ta ɗauko ta ɗora sandar a ramin a gabana, ta danna, na ji ta ce ƙas. Ta faɗi kuɗin. Ba ni da shi, kuma ba zan samu nan kusa ba. Na ce ta ajiye min in ta iya. Ta ce ba ta alkawari, amma za ta gani.

Da yamma ina zaune a ƙofar gida sai ga Auta da kwali a hammata. Ya durƙusa ya gaishe ni, abin da ya daɗe bai yi ba. Na amsa. Ya buɗe kwalin. Madabod ɗinsa ne, na cikin akwatin gilashi, da abin wutarsa.

"Su ne suka dace da kayanka, Yaya. Na kwance tawa gaba ɗaya. In ka yarda yanzu in ɗaura maka, kafin a kira salla ka hau titi. Madubi tar."

Ba zan ɓoye ba, na kalli kwalin nan. Hannuna har ƙaiƙayin sitiyari yake. Matata tana bayan labule, ina jin numfashinta.

"Nawa?" na ce.

"Haba Yaya."

"Nawa ne? A shago ba a ba ni kyauta."

"Ni ne fa. Auta ne."

"Na san ko wane ne. Injiniya, in ba sayarwa kake ba, ɗauki kayanka."

Tunda aka haife shi ban taɓa kiransa da wannan sunan ba. Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tashi, ya ajiye kwalin a kan benci kusa da ni, ya tafi ba tare da shi ba. Na bi bayansa da kallo har ya sha kwana. Tafiyarsa irin ta babanmu ce, kafaɗa ɗaya a sama.

Matata ta fito ta tsaya a kan kwalin.

"In shigar da shi?"

"A'a."

"Za a yi ruwa."

"To shigar da shi, kar ya jiƙe. Da safe ki sa a mayar masa."

"In ce masa me?"

"Ki ce na gode."

Ta ɗauka ta shiga. Na jawo sandata, na zauna ina sauraron wata babbar mota tana hawa gangaren bayan gida. Direban ya makara wurin sauke giya.